Hoton Hannun Maigida

Ranar da maigidana ya faɗi da moto, wato babur, a unguwar Bobiel, ni na karɓo hoton hannunsa a asibiti. Na kasa zama, na kasa jiran lokotoro ya zo ya duba shi. Ni da nake gyara naman layya duk shekara, ƙashi ne zai gagare ni? Na ɗaga hoton, sai ga ƙashi biyu jere har wuyan hannu.

Na kira yayar maigidan a Maraɗi: "Yaya, ƙashin ya tsage gida biyu, ku taho!"

Da lokotoro ya zo ya duba, sai ya ce, "Hajiya, targaɗe ne. Kowa ƙashi biyu gare shi a nan, har ke."

Ashe Yaya ta riga ta hau mota. Har yau in muka gaisa, sai ta lalubi hannuna: "Naki ya haɗe kuwa?"