Rasuwar Ma'aunin Fiffike na Uku

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Zou Qiming, makanikin injinan lantarki masu aiki da iska a tsibirin Pingtan, nake sanar da rasuwar ma'aunin karkata na fiffike na uku a hasumiya ta tara. Ya rasu jiya Litinin yana da shekara shida, a ƙarƙashin gudumar manajanmu, Weng Deshui.

Marigayin bai fi gwangwanin madara girma ba. Aikinsa ɗaya ne: ya faɗa wa kwamfuta yadda fiffike ya karkata, domin in guguwa ta taso a juya shi ya ba iska gefe ta wuce. Bai taɓa neman hutu ba, gishirin teku bai sa shi ƙorafi ba. Maganarsa duk duniya ita ce ƙit-ƙit-ƙit.

Ranar Lahadi guguwa ta zo. Marigayin ya ce fiffike ya juya sarai, alhali ƙirjinsa na fuskantar iska. Iskar ta kama fiffiken ta murɗe, ta tsaga shi tun daga gindi, ta maka shi a jikin hasumiya har ƙarfe ya yi kuka, ta yi jifa da guntunsa cikin gonar kifin Goggo Xue. Keji goma sha huɗu suka tarwatse, kwalekwalenta ya rabe biyu, ita kanta aka ciro ta da karyayyen ƙugu.

Washegari Weng ya sa aka sauko da marigayin, ya ajiye shi a kan siminti a gabanmu. "Maƙaryacin banza! Shegen gwangwani!" Sau bakwai ya sauke guduma, gilashi da ƙananan haƙoran ƙarfe suna tsalle har kan takalmina. Ya juyo yana haki. "Tsoho Zou, kai ka raine shi, ba ka da ta cewa?" Ina kallo aka bar jaki ana dukan taiki.

Yau ina da ta cewa. Marigayin bai yi ƙarya ba. A watan huɗu ni na saita masa inda zai fara ƙirga. A gindin fiffike akwai tsagar da masana'anta ta yi don haka, kusa da ita akwai jan layin da masu fenti suka ja don igiyarsu. Ni, da shekara ashirin a aikin nan, na bi jan layin. Abin da na koya masa ya yi ta maimaitawa har ya mutu.

Ya bar dangi talatin da biyu a hasumiyoyi goma sha ɗaya. Duk ni na saita su a wancan watan na huɗu, duk da jan layi. Masu hasashen yanayi sun ce wata guguwar za ta iso ranar Asabar.

Za a ɗauki gawar gobe Laraba da ƙarfe bakwai na safe, a cikin kwalin taliya, zuwa ofishin manaja, inda zan ajiye ta tare da katin aikina. Kada a kawo farin fure, kada a ƙona turare. Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da igiyar hawa da sifana mu gyara saitin danginsa, kwana uku suka rage mana.