Babur Mafi Ƙamshi a Umarari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da babur ɗina ya fara tashi ba, kuma ko da na so in manta, mutanen layinmu a Umarari ba za su bar ni ba.

Ni mai wankin hula ne, a zauren gidana nake aiki. Ban cika fita ba. Masallaci, zaure, tsakar gida. In ka gan ni a wani wuri daban, to rasuwa aka yi. Mutum irina ne ya tashi ya sayi babur, kuma a Maiduguri, garin da aka hana hawa babur tun shekarun tashin hankali. Babur ɗin ma wanda ba ya tashi.

Wani manomin shinkafa ne daga Zabarmari, da yake kawo mini hulunansa, ya ce yana da tsohon babur a ɗakin ajiya tun lokacin da aka hana, ɓeraye sun mayar da shi gidan haya. Ya kwatanta mini shi: jan tanki, fitila zagayayya, kujera doguwa. Irin na babana ke nan sak. Ina yaro tun daga bakin titi nake gane kukan babur ɗin Baba a cikin babura goma, in ruga in buɗe masa ƙofa. Makaranta ban yi nisa ba, amma kunne Allah ya ba ni. Ban san lokacin da na ce na saya ba.

A bayan a-kori-kura aka kawo shi, kwance kamar majinyaci. Matata Falmata ta fito ta zagaya shi sau ɗaya.

"Baban Yagana, ina za ka je da wannan?"

"Ba inda zan je. Kukansa kawai nake so in ji."

"To ai da ka faɗa mini. Ni ma na iya."

Na fara aiki yadda duk sabon mai babur yake farawa, wato da wanki, tunda shi kaɗai na iya. Na wanke shi da sabulun hula har ya fi ƙarfin ido. Daga nan ilimina ya ƙare, sai na aika aka kira Malam Audu, tsohon bakaniken babur da ya koma gyaran keke mai ƙafa uku. Ya tsuguna ya daɗe yana shafa tankin kamar ya ga abokin da aka ce ya mutu. Ya ce kada in kuskura in taka kik tukuna. In zuba tsakuwa da kananzir a tanki in girgiza har tsatsa ta fita, in tone gidan zanzaro da ya toshe salansa, shi kuma zai tafi da kafireta ya wanke, ya kawo sabon fulogi. Abu na ƙarshe, in zubar da tsohon baƙin mai in zuba sabo.

"Wannan ko kai za ka iya," in ji shi. "Ka kwance noti, ka tara kwano, ka ɗaure, ka zuba."

Ya kawo mini man a babbar gorar ruwa ta roba, yadda masu sayarwa suke aunawa. Don kada rana ta dake shi, na kai shi ɗakin ajiya na ɗora a kan kanta.

(A nan ya kamata in gaya muku sana'ar Falmata. Turaren wuta take yi da humra, turaren nan na shafawa da matan Barebari ba sa kai amarya ɗaki sai da shi. In ta haɗa, takan zuba a babbar gorar ruwa ta roba ta ajiye a wuri mai duhu ya yi makonni yana tsumuwa. Wurin da ya fi duhu a gidanmu ɗakin ajiya ne. A kan kanta.)

Gorar da ke kan kantar a lokacin ba ta sayarwa ba ce. Baƙar humra ce ta bikin Zara, ƙanwar Falmata. Gwaggonsu Hajja Fanna, wadda ita ke haɗa humrar kowace amarya a danginsu tun kafin a haifi matata, hannunta ya fara rawa, sai a wannan karon ta damƙa wa Falmata aikin. Har da farcen turare da ta daɗe tana ɓoyo da itacen sandal ɗin da ta zo da shi daga aikin hajji. Falmata ta soya, ta daka, ta tace, kullum da safe sai ta shiga ta girgiza gorar tana addu'a. In humrar ta yi, aikin dangi ya dawo hannunta. In ba ta yi ba, akwai 'yar wan Hajja da ke jira. Biki saura 'yan kwanaki, ba lokacin sake wata.

Ranar da Hajja ta zo karɓar humra, mata suka cika tsakar gida, mazansu da suka rako su suka cika mini zaure. Na dubi jama'a, na dubi babur, na ga cewa in ban tayar da shi yau ba, wa zai shaida? Malam Audu ya riga ya mayar da kafireta, ya ce in jira shi zuwa la'asar. Ban jira ba.

Na shiga ɗakin ajiya da sauri don kada in daɗe a cikin mata, na miƙa hannu a duhu na ɗauko gora. Za ku ce ban ji ƙamshi ba? Ku tambayi duk mijin mai turare. Shekaru ina kwana ina tashi a cikinsa, tuwona ma ƙamshin sandal yake yi. Hancina ya daɗe da yin ritaya.

Tsohon mai na riga na zubar, sai na sa mazurari na fara zubawa. Yayan Falmata, Ba Modu, ya leƙo.

"Man nan bai yi ruwa-ruwa ba kuwa?"

"Na zamani ne," na ce. "Yanzu haka suke yinsa."

"Har da ƙamshi?"

"Gidan ne. Kowa ya shigo haka yake cewa."

Ban tsaya nan ba. Ina ɗaure murfi ina yi musu bayani cewa inji da kunne ake gyara shi, ni in na ji kukan inji sau ɗaya zan gaya maka abin da ke damunsa. Na tatse gorar har ɗigon ƙarshe, na bubbuga gindinta. Na zuba fetur, na yi bisimilla, na taka kik.

Ya yi tari. Na sake takawa, ya sake tari. Na tattara ƙarfina na taka, sai ya kama.

Wallahi kukan babur ɗin Baba ne. Na tsaya riƙe da kan babur, idona ya cika da ƙwalla. Na ɗan lokaci kaɗan ni ne mutumin da ya fi kowa farin ciki a Borno.

Sai hayaƙi ya fara fitowa, fari, mai kauri, ya cika zaure ya bi soro ya fita layi. Na lura maza suna ta buɗe hanci. Wani dattijo ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya tara, yadda ake yi in an kawo kaskon turare.

A garin nan kukan babur ba ƙaramin abu ba ne. Akwai yaran da aka haifa suka girma ba su taɓa jinsa a layi ba, akwai manyan da in sun ji shi gabansu ke faɗuwa, da dalilinsu. Ƙofofi suka fara rufuwa, daga baya suka fara buɗewa. Kafin in ankara ga Bulama, mai unguwarmu, a bakin zaure da mutane a bayansa, fuskarsa a murtuke. Ya shigo da niyyar faɗa, hayaƙin ya dake shi, ya tsaya.

"Yau ne ɗaurin auren?" ya tambaya.

A daidai nan kunnen nawa da nake taƙama da shi ya jiyo abu biyu. Na farko, wani ƙwas-ƙwas a cikin inji, kamar ana daka ƙarfe a turmi. Na biyu, hayaniyar mata a cikin gida ta ɗauke ɗif. Injin ya yi wata ƙara kamar an shaƙe rago, ya mutu.

Labule ya ɗaga. Hajja Fanna ta fito tana dogara sanda, ta ɗaga hannun hagunta sama. Tun daga tafin har gwiwar hannu maiƙo yake yi. Bayanta Zara amarya ce, da man inji a wuya da bayan kunne duka biyu (Hajja ba ta gwada humra a jikinta kaɗai, sai ta gwada a fatar mai ita). Bayansu Falmata, riƙe da gorar Malam Audu. Ba ta kalle ni ba. Gorar da ke yashe a ƙasa kusa da ƙafata take kallo.

Hajja ta wuce ni. Ta ratsa maza, ta zagaya bayan babur, ta sunkuya da ƙyar daidai bakin salansa inda sauran hayaƙi ke fita. Ta jawo shi da hannu zuwa hancinta, ta lumshe ido.

"Farcen ya soyu daidai," ta ce. "Sandal bai danne miski ba. Falmata, hannunki ya yi."

Sannan ta juyo gare ni. Afuno take kirana, yadda Barebari ke kiran Bahaushe.

"Afuno, humra ta yi kyau. Yanzu sai ka gaya mana, babur ɗin za mu kai wa ango?"

Ba wanda ya yi dariya da farko. Bulama ne ya fara, ya juya baya yana gyara hula, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye, ƙafa ɗaya a kan kik, mazurari a aljihu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Hajja, ko a tace?"

Malam Audu ya iso da la'asar ya kwance noti. Abin da ya zubo a kwano ba humra ba ne, ba mai ba ne, wani abu ne da ba a sa masa suna ba tukuna. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun ina saurayi nake buɗe inji," ya ce, "ban taɓa buɗe wanda ya tuna mini da daren aurena ba."

Amarya dai ba ta tafi hannu sake ba. Hajja ta aika gida-gida a dangi, kowace mace ta tsiyayo kaɗan daga tata, aka haɗa aka cika kwalba. Aikin dangi kuma ya zauna a hannun Falmata, tunda Hajja ta yanke hukunci a gaban shaidu, ko da a bakin salansa ne. Wannan ne kaɗai ya cece ni. Duk da haka Falmata ta yi kwanaki ba ta ce mini ko sannu ba. Ranar da ta yi magana, cewa ta yi in sa takalmi. Ni da ba na fita, na zaga Kasuwar Litinin a bayanta ina riƙe da leda, daga mai farce zuwa mai sandal, kowanne kuma labari ya riga mu isa wurinsa. Da muka dawo ta miƙo mini taɓarya. Ni na daka farcen humrar da aka bi Zara da ita daga baya, a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Babur yana nan a zaure. Malam Audu ya ce inji ya buga, sai an samo kaya, kayan kuma sai a hankali. Bulama ya ce in ya tashi in sanar da shi tukuna, ya sanar da unguwa. Yaran layi sun sa masa suna Amarya. Masu kawo wanki sukan ce in rataya musu hularsu a kansa ta kwana.

Abin da na koya shi ne, kunne yana gaya maka abin da ya lalace ne bayan ya riga ya lalace. Yanzu duk abin da ke cikin gora, ko ruwan alwala ne, sai na kai wa Falmata ta shinshina kafin in zuba. Takan karɓa, ta buɗe, ta shinshina a natse, ta miƙo mini.

"Wannan ruwa ne, Baban Yagana. Na zamani."