Rasuwar Wayata, Wadda Lafiyarta Ƙalau Aka Kai Ta Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, ni Abdulnasir na Gwange nake sanar da rasuwar wayata, 'yar ƙarama mai tocila, bayan shekara shida tana hidima.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Caji ɗaya yakan kai ta kwana huɗu. Ta faɗa kwata sau biyu ta tashi. Da ita nake koyar da 'yan unguwa kowace Asabar a gindin darbejiya: muryarka ba tsalle take daga wayarka zuwa ta ɗan'uwanka ba. Sai ta hau ƙarfen sabis, ƙarfe ya miƙa wa ƙarfe, sannan ta sauka. In babu ƙarfe, waya akwati ce kawai. Har yau ina jin kukanta na tirrr-tirrr, da ɗan tut ɗin da take yi in saƙo ya shigo.

Ba ta yi jinya ba. Ranar da aka katse sabis a duk jihar saboda halin rashin tsaron da muke ciki, ta yi shiru kamar kowace waya a garin nan. Kawu Kashim, wanda na gayyata aji sau goma yana cewa waya ai dannawa ce, ya gan ta ba ta magana, ya tausaya mata. Ina makaranta ya ɗauke ta ya kai wa Garzali mai gyara a Kasuwar Kwastam. Garzali, wanda tasa wayar ma ba sabis a aljihunsa, ya buɗe cikinta, ya wanke da fetur, ya gasa ta da iska mai zafi yana neman sabis a ciki. A nan rai ya yi halinsa.

Jama'a, har yaushe? Kowa na riƙe da waya, ba mai son sanin yadda take aiki!

Ta rasu ta bar caja ɗaya, batir mai kumburin ciki, da layi maraya. Ta tafi da lambobi ɗari biyu, domin ni ma, malamin, a cikinta na adana su maimakon kan layi. Cikinsu har da sabuwar lambar yayata Fanna, wadda ta bar ƙauye da 'ya'yanta, ta kira sau ɗaya tak, ba mu kuma san inda ta sauka ba.

Za a sa gawar a aljihun tebur ranar Asabar da hantsi. Zaman makoki a gindin darbejiya, kuma darasi ne. An tanadar wa Kawu tabarma a sahun gaba. Kada a kawo gumba. Kowa ya zo da biro da takarda ya kwafe lambobin 'yan'uwansa. Wanda kuma Fanna ta taɓa kira, don Allah ya zo da wayarsa.