Ragon Tanalher da Jarkokin Aghali

"Lafiya lau na kwana, bawana. Kai ne dai na ga ka tashi da fuska kamar raƙumin da aka hana kiwo."

Tanalher ke nan, 'yar kawun Aghali, ta tare shi a ƙofar gidansu a Agadas tun bai ƙarasa sallama ba. Shi zai kai ta sunan ɗan ƙanwarta Takama can bayan Iferwan, a motar nan tasa mai gado da murhu a ciki, wadda yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Hanyar ba gidan mai, shi ya sa jiya ya ɗaure jarkokin fetur a ƙarfen saman motar, ya bar ta nan ƙofar gidan don a yi lodi. Yau kuwa ƙaton rago ne tsaye a wurin yana kallon gari. Ni maƙwabcinsu ina gindin bango ina fifita gawayi, kuma wallahi na ji daɗi, don na san yau shayina ba zai tafi lami ba.

"Tanalher, ina maina?"

"Yana ƙarƙashin gadonka a inuwa. Har buhu na jiƙa na lulluɓe shi yadda ake yi wa jarkar ruwa. Ka ce na gode."

"Kusa da murhu?"

"To a kaina zan ɗora?"

"Dama Inna ta ce ranar rabon hankali kin tafi tatsar akuya. Fetur ba ruwan rijiya ba ne, numfashi yake yi. In ya cika motar, ashana ɗaya ta isa mu ci sunan nan a lahira."

"Ji matsoraci. Kai da ka zubar da takalmi don jakin Kaka ya yi kuka."

"Hanya na ba shi, ai babba ne. Kuma kin sa wa mai rigar jarkar ruwa, gobe da magagin barci ki ɗauka ki tsiyaya mana a butar shayi."

"Shayinka dama ɗanɗanon fetur gare shi, ba mai ganewa."

"Ba laifinki ba ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai dai a sama yake tafiya, a tsaye, a ɗaure, iska na dukansa. Sauke ragon ya zauna gida, ma nemi wani a can."

Nan dariyarta ta ɗauke. Ragon nan da hannunta ta yi kiwonsa, tun ranar da ta ji Takama ta samu ciki bayan shekarun da aka yi ana jira. Gaskiya ta ba ni tausayi.

"In bai je ba, ni ma ban je," ta ce. "Da wane ido zan kalli yarinyar nan da ragon kasuwa?"

Aghali ya gyara amawalinsa, ya kalli ragon, ya kalli motar.

"Na ji, mai ya koma sama," in ji ta. "Rago ya shiga ciki."

"Ciki ina? Gero da cuku da matasan fatarki sun cinye ko'ina. Gadona kaɗai ya rage."

"To."

"Katifar da na yo tun daga Arlit?"

"Kai da aka haifa a kan rairayi, yaushe ka san katifa? Shi kuwa baƙo ne, kuma kwanansa ya ƙare. A bar shi ya ɗanɗani duniya mana."

Aghali ya yi ta cijewa, har dariya ta ƙwace masa ta cikin rawani. Ya fito da jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ya yaye musu buhu, ya mayar da su sama ya ɗaure tamau. Sannan ya rungumo ragon ya kai shi bakin gado.

"Hau, ranka ya daɗe," ya ce masa. "Duk gidan kawuna kai kaɗai ne ba ka nemi ƙone ni ba."