Nomau da Abincin Zomaye

A garinmu akwai wani mutum, Nomau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ce ke shan wahalarsa. Ƙungiyar mata ta ba ta 'yan zomaye goma sha biyu, aka ce in suka mutu an cire sunanta ke nan.

Wata rana Tasalla za ta unguwa, ta ce, "Malam, tsakin zogalen da ke saura a rariya, shi za ka haɗa musu da dusa." Nomau ya duba, babu tsaki. Ya jawo buhun zogalenta na shekara guda, ya daka, ya tankaɗe, ya kwashe tsakin, ya watsar da garin a bola. Tasalla ta dawo ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Ina garin?"

"Ai tsaki kika ce."

Wata rana kuma malamin gona ya kawo wani farin gari a leda. Ya ce akwai ƙananan halittu masu rai a ciki, irin na kindirmo, masu gyara cikin zomo, amma a ajiye su wuri mai sanyi kada zafi ya kashe su. Jama'a, Nomau bai ga wurin da ya fi randa sanyi ba! Ya kwance ledar ya juye, don su samu wurin walawa. Da Tasalla ta ga ruwan shansu ya yi fari fat, sai da ta zauna a ƙasa.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo da buhunan busasshen ganye da ragowar citta, ya ce na sa zomaye ƙiba ne, kuma da arha. Mata masu kiwon zomaye suka yi ta saye. Tasalla ma ta karɓi kwano guda, ta ce, "Ka duba da kyau. Abin da ba za ka iya ci ba, kada ka ba su." Nomau ya dama rabin kwanon da ruwa, ya yi bismilla ya cinye tas. Wallahi kwana biyu yana sintiri tsakanin tabarma da bayan gida. Tasalla ta tsorata har da kuka. Zomaye dai ko ƙwaya ba su gani ba.

A rana ta uku kuka ya tashi a maƙwabta. Ashe ganyen ya yi fumfuna tun a buhu. Gidan Delu zomo bakwai sun mutu, gidan Kande duka. Tasalla ta ruga keji, ta tarar da nata goma sha biyu suna ta tsalle.

Malamin gona ya zo da sabon haɗi mai kyau, ya ce a fara ba su yau. Nomau na kwance, ido ya faɗa, ya ɗago kai da ƙyar.

"Tasalla, miƙo min cokali."