Ɗakin Gimbiyar Mutawakkil

"Duk faɗin Dutsin-Ma, daga bakin dam har ƙofar jami'a, babu mai idon ado irin nawa," in ji Mutawakkil, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "In na gama ɗakin nan, tun daga bakin titi mutane za su riƙa tuɓe takalmi."

Bari in gabatar maka da shi, abokina, kada ka ɗauka wani gwani ne. Sana'ar Mutawakkil tura wa mutane finafinai a waya, a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Bai taɓa riƙe burushin fenti ba. Amma da yake ya kalli katun ɗin 'ya'yan sarakuna sun fi ɗari garin tura wa 'yan mata, sai ya ɗauka ilimin ya shige shi ta ido. Abokansa na ce masa Injiniya Ba-a-gwada-ba, shi kuwa rabin farko kaɗai kunnensa ke ji.

Aure zai yi. Amaryar ita ce Zaituna, 'yar Kurfi, malamar firamare, mai hankali da natsuwa. Kuskurenta ɗaya a duniya: wata rana suna hira ta ce ɗakunan gimbiyoyin katun suna burge ta, masu launin hoda da gajimare a sama. Faɗa kawai ta yi. Shi kuwa gogan nan take ya bugi ƙirji ya ce ta ɗauka ta riga ta kwana a ciki.

Malam Atiku mai fenti yana zaune a bencin mai shayin, ya ce, "Ka bari in zo in shafe maka, kwana biyu na gama."

"Malam Atiku, kai fentin shago da katangar makaranta ka sani. Wannan aikin fada ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Malam Atiku, ya ci gaba da tsoma burodinsa.

Aka fara da launi. Mutawakkil ya sayo jan fenti da fari, ya juye a bahon wanki, ya ɗauko muciyar mahaifiyarsa ya yi ta tuƙawa kamar mai tuwon biki. Ya shafe bango huɗu. Mahaifiyar, Inna Kande, ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Mutawakkil, yanka aka yi a ɗakin nan?"

"Inna, ba ki san fenti ba. In ya bushe zai yi haske."

Ya bushe kuwa. Sai ya koma launin goron da tsoho ya tauna ya tofar.

Wannan bai karya masa gwiwa ba. Ya lura cewa a katun ƙofar gimbiya doguwa ce, siririya, mai tsini a sama. Ya samo bulo da siminti ya matse ƙofar ta gefe biyu, ya yi mata tsini da hannunsa. Tsinin ya karkace ya nufi gabas maso kudu. Tun daga ranar, in Inna Kande za ta kawo masa abinci sai ta shiga a kaikaice, kwano a gaba.

Sai gajimare. Ya hau babur har Karofi ya samo buhun auduga wajen wani manomi, ya dama kokon rogo mai kauri, ya hau tsani ya yi ta manna audugar a silin, curi-curi. Ya sauko ya ɗaga kai, har ƙwalla ta cika masa ido don jin daɗin kansa. Daga nan ya kulle ƙofa kwana uku yana wani zane a bangon da ke fuskantar gado, wanda ya ce shi ne kan aikin. Da ya gama ya rufe shi da tsohon zanen gado, ya ce ba mai gani sai ranar jere.

Ranar jere ta zo. Da hantsi mata suka iso daga Kurfi cike da mota, a-kori-kura na biye da gado da katifa da kujeru da durowa. Shugabar tafiyar ita ce Gwaggo Sauda, yayar mahaifin amarya, mace mai jiki da murya, wadda in ta ce a'a ko mai unguwa sai ya sake shawara. Ango na ƙwarai ɓacewa yake yi ranar jere. Namu kuwa ya sha shadda ya tsaya a tsakar gida yana jiran yabo.

Aka ɗauko kan gado, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka juya shi a tsaye, aka kwantar, aka karkata. Durowa ko gaisawa da ƙofar ba ta yi ba.

"Ku kauce in gani," in ji Gwaggo Sauda.

Ta sa kafaɗa. Kafaɗa ta shiga, sauran jiki ya ce shi yana nan waje. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mata biyu suka ja ta ta ciki, uku suka tura ta waje, sannan ta faɗa ɗakin, ɗankwali a hannu.

"Wane maƙiyin Allah ya yi ƙofar nan?"

"Gwaggo, salon fada ne," in ji Mutawakkil.

"Fadar ɓeraye ko?"

Dole aka aro guduma a maƙwabta. Yana tsaye yana kallo aka rushe masa tsininsa, aka shigar da kaya. Mata suka cika ɗakin, ga zafi, ga ƙura, kowa na zufa. Ana cikin haka aka kawo wuta, wata baiwar Allah ta miƙa hannu ta kunna fanka.

Abin da Injiniya bai sani ba, kwana biyar ke nan cinnaku suna walima a cikin kokon rogonsa, sun cinye abin da ke riƙe da gajimaren. Fanka na juyawa, sama ta sauko ƙasa. Auduga ta manne a fuskokin da suka jiƙe da zufa, cinnaku suka bi wuya da hannun riga. Matan Kurfi suka fito tsakar gida a guje suna kakkaɓe jiki, fari fat, kamar tumakin da aka fara yi wa aski aka fasa.

Gwaggo Sauda ta tofar da audugar da ta shige mata baki. "A maida kaya mota. Ɗiyarmu ba ta rasa masoya a Kurfi ba."

Nan fa Mutawakkil ya yi wuf ya sha gabanta. Inna Kande ta shiga ba da haƙuri, shi kuwa ya durƙusa har shaddar na shan ƙasa.

"Gwaggo, don Allah ki ga abu ɗaya tukuna. In kin gan shi za ki manta da duk wannan."

Suka koma ciki. Ya kama zanen gadon ya fizge. Mata suka matso suna kallon bangon.

"Kujera ce ta faɗi?" wata ta tambaya a hankali.

"A'a, ga ƙafa biyar can. Ina jin gizo-gizo ne."

"Gimbiya ce a kan farin doki," in ji Mutawakkil. "Ga gashinta nan yana tashi a iska."

"Af, gashi ne? Na ɗauka hayaƙi ne."

Gwaggo Sauda ta gyara tsayuwa. "Mutum da doki ka ce? To magana ta ƙare. Ɗakin da ke da hoton mai rai mala'iku ba su shiga, ɗiyata kuma ba ta kwana inda mala'iku suka ƙaurace. A kira malami ya faɗa maka da bakinsa."

Aka yi sa'a Malam Tukur, limamin unguwa, ya fito daga sallar azahar. Ka san wani abu? A ransa Mutawakkil har daɗi ya ji. Ya ce ko an goge zanen, gobe gari zai ɗauka cewa ya zana doki kamar zai yi haniniya, har sai da liman ya sa baki.

Malam Tukur ya shigo da sallama, ya tsallake tarin auduga, aka yi masa bayani. Ya sa tabarau ya duba. Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya cire tabaran ya goge da bakin rawani ya sake mayarwa.

"Hajiya, ku ci gaba da jerenku," ya ce. "Babu laifi a bar shi."

"Malam, hoton mai rai fa?"

"Abin da aka hana shi ne kwaikwayon halittar Ubangiji. Ni kuwa na duba iya dubawata, a tudu da ruwa ban san abin da Allah ya halitta mai kama da wannan ba."