Yadda Muka Samo wa Ɗan Jaki Laifi

Jama'a, yau da hantsi na ga abin da ya fi ƙarfin bakina a Magarya: magidanci da gemunsa, durƙushe gaban gardi, wato ɗan doka, yana roƙon a taimaka a kama masa dabba. Maƙwabcina ne, Maiwada, mai jigilar gyaɗa daga ƙauyukan Kwaya zuwa wajen awo. Ni na raka shi, don haka ba ji na yi ba.

Kun dai san bana Turawa Masu Hular Kwano na can sama sun gaji da yi mana tunani. Suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowane gari ya yanka wa kansa dokar gudu a titi. Madalla! Manyanmu, Allah ya ƙara wa rigunansu faɗi, suka zauna a biro, wato ofishin hukuma, suka cinye rago, suka fito da hukunci. Aka kafa allo bakin kasuwa, da Faransanci, don jakuna su karanta.

Sai aka tuna babu abin awon gudu. Nan Mai Girma Uban Hanya ya kawo dabara: gardi ya riƙa tafiya a titi, duk abin da ya wuce shi ya karya doka. Gardin kuwa Baba Tsoho ne, wanda kurkunu ya fito wa a ƙafar dama tun damina. Ran da ƙafar ta lafa, doka ta sassauta. Ran da ta kumbura, ko amarya aka rako sai ta yi laifi.

Rannan kamiyo, babbar motar kayan kamfanin gyaɗa, ya wuce kamar an koro shi, na ce, “Baba Tsoho, wannan fa?”

Ya ce, “Malam, da wace ƙafar zan cim masa?”

“To motar Uban Hanya?”

“Ita in ta zo hannuna na goshi ina gaisuwa. Hannu nawa gare ni?”

Da can ana barin jaki a doki taiki. Yanzu an ci gaba, ana barin kamiyo a kama jaki.

To, jakar Maiwada ta haihu kwanan nan. Jiya ya bar ɗan a gida, ya kai kaya. A hanyar dawowa nono ya cika mata, kuma ko yaron goye ya san jaka mai shayarwa in ta fuskanci gida ba sanda ba ce ke tsayar da ita. Ta wuce Tsoho fuu, sai da ta tsaya ƙofar gida ya iso yana ɗingishi yana hura usur. Aka kai ta garken hukuma bayan biro, wai sai Uban Hanya ya dawo daga rangadi. Yaushe? Allah masani.

Ɗan jaki ya kwana yana kuka. Nafi, matar Maiwada, ta gwada kunu da ludayi, ya ƙi. Ta aro nonon akuya, ya furzar. Yau da safe ƙafafunsa rawa suke. Maiwada kuwa shekara da shekaru yake jiran wannan haihuwa, don ya zama mai jaki biyu. Ya saɓa shi a wuya, muka nufi biro.

Ya ce wa malamin biro, wanda ake girmamawa da Mushe irin na Faransanci, “Mushe, a yi wa Allah a sako uwar ta shayar da shi.”

“Ba a sakin mai laifi.”

“To a shigar da shi wajenta.”

Mushe ya cire tabarau, ransa a ɓace. “Me ya yi? Kana tsammani nan zalunci ake? Hukuma ba ta tsare marar laifi!”

Kun ji adalci, har tsikar jikina ta tashi.

Da muka fito Maiwada ya ce, “Malam, ashe laifi za mu samo masa.”

Muka ajiye ɗan jakin a bayan Tsoho, muna turawa muna lallashi. Ina! Yunwa ta ci ƙarfinsa, gurgun gardi ma ya ba shi rata. Nan ne Maiwada ya zube ƙasa.

“Baba Tsoho, ka dubi Allah ka rage sauri.”

“Ka san abin da kake roƙo? Doka ce fa kake cewa ta tsaya.”

Goro ya fita daga aljihun Maiwada ya shiga na Tsoho, sai ga ciwon ƙafa ya motsa, doka ta tsaya cik tana sosa ƙauri. Garin da ko kamun ma sai da goro!

Daidai nan uwar ta yi kuka daga bayan darni. Ɗan ya ɗaga kunnuwa, ya taka, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya tashi. Ƴan kasuwa suka bar ciniki suna “Saura kaɗan! Saura kaɗan!” Da ya gota Tsoho da tsawon hanci, usur ya tashi, aka kama ɗan ta'adda.

Na leƙa ta darni na gan shi ya kafa kai ƙarƙashin uwarsa, wutsiya na kaɗawa. Maiwada na share hawaye da bakin rawani, mutane na miƙa masa hannu: “Barka, Maiwada, an kama naka!” Wallahi ni ma na ji daɗi, kuma jin daɗin ne ya fi ba ni haushi.

Muna cikin barka kamiyo ya sake wucewa, ya bi ta kan kazar Kaka mai ƙosai. Mushe ya leƙo ya ce laifin kazar ne, ba ta yi sauri ba.

Ni dai na dawo gida a hankali, ina waige. Ku ma gobe ku fito da wuri, don na ga Baba Tsoho ya fara sosa ƙafar hagu.